Cardiff, Swansea ko Bangor: Wane Birnin Wales Ya Fi Dacewa a Ƙarshen Hunturu?

Wanda yake Birtaniya, ko karatu ya kai shi ko aiki ko ziyarar dangi, idan ya sami 'yan kwanaki tsakanin tsakiyar Fabrairu da tsakiyar Maris, ba wuya ya ji an ba shi shawarar ya leƙa Wales. Shawarar tana kan hanya. Bizar Birtaniya ta wadatar, kuɗin fam ɗin nan ne, babu shingen iyaka tsakaninta da Ingila. Inda ake samun kai-kawo shi ne birnin da za a sauka. A hukumance Wales tana da birane bakwai: Cardiff, Swansea, Newport, Wrexham, Bangor, St Asaph da St Davids. Uku daga ciki ne nake ganin suka cancanci a ɗora su a sikeli a wannan lokaci: Cardiff da Swansea a kudu, sai Bangor a arewa.

Abubuwan da za a auna

Na farko, kuma wanda ya fi sauran nauyi, shi ne yadda birni yake jure ruwan sama. Hunturunmu na gida bushewa ne da ƙura da fashewar leɓe, nasu kuwa jiƙa ne da iska. Da rana ma'aunin zafi yakan tsaya wajen digiri 7 zuwa 9, da dare ya sauko 2 ko 3. Dusar ƙanƙara ba ta cika zama a biranen bakin teku ba, sai a kan duwatsu. Amma yayyafin da iska ke turowa ta gefe yana shiga har cikin wuyan riga, kuma lema ba ta daɗewa a hannu kafin iska ta birkice ta. Saboda haka tambayar da mutum zai yi wa kansa ita ce: idan gari ya waye da ruwa kuma bai tsagaita ba har magariba, me ya rage mini na yi a wannan birni?

Bayan wannan sai sauƙin isa da zirga-zirga ba tare da mota ba, sai kuɗin da za a kashe, sai masallaci da abincin halal, sannan haɗarin da ke tattare da wurin. Maganar masallaci ta ƙara nauyi a 'yan shekarun nan domin azumin Ramadan yana faɗowa a wannan tsakani: a 2025 ya kama a farkon Maris, a 2026 kuma bayan tsakiyar Fabrairu. Azumin bai da tsawo, awa goma sha biyu ne da 'yar ɗoriya, amma mai shan ruwa a baƙon wuri yana bukatar sanin inda zai dosa.

Akwai kuma gajartar yini. A tsakiyar Fabrairu rana tana fitowa wajen bakwai da rabi, ta faɗi wajen biyar da rabi. Duk abin da ke waje dole a gama shi cikin waɗannan awanni.

Cardiff

Cardiff ita ce babban birni tun 1955, da mutane sama da 360,000. Daga tashar Paddington ta Landan jirgin ƙasa yana isa cikin ƙasa da awa biyu. Mai neman sauƙi zai iya hawan bas ɗin National Express daga Victoria ko kai tsaye daga filin jirgin Heathrow, sai dai zai zauna awa uku da wani abu. Da zarar an sauka a Cardiff Central, kusan komai na tsakiyar gari da ƙafa ake zuwa.

A ma'aunin jure ruwan sama babu wanda ya kama ƙafarta. Tsakiyar birnin cike yake da lunguna masu rufin gilashi da aka gina tun zamanin Sarauniya Victoria da na ɗanta Edward, kamar Royal Arcade da Castle Arcade da Morgan Arcade, inda ƙananan shaguna da wuraren shan shayi ke jere hagu da dama. Mutum zai ratsa unguwar kasuwanci daga wannan lungu zuwa wancan, ruwa yana buga gilashin a samansa, shi kuwa ko kafaɗarsa ba ta jiƙe ba. A tsakiyarsu akwai babbar kasuwar Cardiff ta 1891, inda ake toya wainar nan tasu mai zabibi a kan faranti mai zafi, a barbaɗa mata sukari, a miƙa maka ita da ɗuminta a cikin takarda. Ba laifi ba ne mai saye ya tambayi irin man da aka yi ta da shi, domin wasu masu yi a al'ada suna haɗawa da kitsen alade.

Babban gidan tarihi na ƙasa yana nan kusa, shiga kyauta ne, kuma yana da tarin zanen Faransa na su Monet da Renoir wanda 'yan'uwa mata biyu, Gwendoline da Margaret Davies, suka bar wa ƙasar. A lura, ba ya buɗewa ranar Litinin. Fadar Cardiff mai ganuwa tana tsakiyar gari: tushenta na Rumawa ne, hasumiyarta ta Normandawa, mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi, ɗakunanta masu ado kuma aikin mai zanen gini William Burges ne da dukiyar iyalan Bute. A cikin kaurin ganuwar akwai hanyoyin da mutane suka ɓuya daga bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu. Ita kam ana biya, fam goma sha wani abu ga babba.

Idan gari ya yi kyau, St Fagans ce wurin zuwa. Gidan tarihi ne a fili, a bayan gari, wanda aka buɗe a 1948. An kwaso tsofaffin gine-gine sama da arba'in daga sassan Wales aka sake gina su dutse bayan dutse: gidajen manoma, makaranta, maƙera, shaguna, jerin gidajen ma'aikatan ƙarfe. Shi ma kyauta ne, sai kuɗin ajiye mota. Daga Cardiff kuma jirgin ƙasa na minti ashirin yana kai mutum Caerphilly, inda fada mafi girma a Wales take, wadda aka fara ginawa a 1268.

Abin da ya fi jan hankalina game da Cardiff shi ne unguwar Butetown da bakin tekunta. A 1913 tashar jiragen ruwan Cardiff ta fitar da kwal sama da tan miliyan goma, kuma jiragen da ke ɗibar kwal ɗin su ne suka kawo ma'aikata daga Yaman da Somaliya da Afirka ta Yamma da tsibiran Karibiyan. Da yawa sun zauna, sun yi aure, sun hayayyafa. Shi ya sa al'ummar Musulmin Cardiff tana cikin mafiya tsufa a Birtaniya baki ɗaya. Akwai cibiyar Musulunci a titin Alice na Butetown, akwai Dar ul-Isra a Cathays, akwai masallacin Shah Jalal a titin Crwys, ban da wasu. Titin City Road kuwa daga farkonsa har ƙarshensa gidajen abinci ne na Larabawa da Turkawa da mutanen Pakistan da Bangaladash. A wannan bakin tekun ne ginin majalisar Wales, Senedd, yake tun 2006, da babban zauren wasanni na Wales Millennium Centre na 2004.

Tarkon Cardiff guda ɗaya ne, amma babba. Fabrairu da Maris su ne lokacin gasar zari-ruga ta ƙasashe shida, kuma filin Principality mai ɗaukar 'yan kallo wajen 74,000 a tsakiyar gari yake, taku kaɗan daga tashar jirgi. Ranar da Wales ke wasa a gida kuɗin otal yana ninkawa, ana rufe tituna, ana jan dogon layi a tasha, kuma da dare shan giya yana yawa a titin St Mary. Mai son ganin yadda mutanen Wales ke rera taken ƙasarsu da murya ɗaya zai ji daɗin ranar. Mai iyali da ƙananan yara kuwa, ya duba jadawalin gasar kafin ya biya kuɗin ɗaki.

Swansea

Daga Cardiff awa ɗaya ce a jirgi zuwa yamma, daga Landan kusan uku. Mutanenta sun kusa 240,000. Gaskiya tsakiyar birnin ba ta da kyan Cardiff, kuma akwai dalili: jiragen yaƙin Jamus sun ragargaza ta dare uku a jere a Fabrairun 1941, aka sake gina ta da kankare bayan yaƙi. Wanda ya zo don tsofaffin gine-gine zai koma da ƙorafi.

Ba don gine-gine ake zuwa Swansea ba, don teku ake zuwa. Daga gari akwai hanyar ƙafa da keke da ta bi bakin ruwa mil biyar har ƙauyen Mumbles, a kan layin dogon da jirgin ƙasan fasinja na farko a duniya ya fara bi a 1807, dawakai suna jan sa. Bayan Mumbles sai yankin Gower, wanda a 1956 ya zama wuri na farko a Birtaniya da aka ayyana a matsayin yanki mai kyan halitta na musamman. Rhossili tana can ƙarshensa: rairayi mil uku a miƙe, tudu mai ciyawa a bayansa, tumaki suna kiwo a gefen gangare. A bazara motoci ba sa samun wurin tsayawa. A Fabrairu mutum zai iya tafiyar rabin awa a kan rairayin bai haɗu da kowa ba sai mai yawo da karensa. Idan aka dace da ranar da sama ta washe, ban san wani wuri a kudancin Wales da ya fi shi ba.

Sai dai fa idan aka dace. Swansea tana cikin biranen Birtaniya da suka fi samun ruwan sama, kuma abin yi a ƙarƙashin rufi bai kai na Cardiff yawa ba. Akwai gidan tarihin masana'antu na bakin ruwa wanda aka buɗe a 2005, yana ba da labarin lokacin da Swansea ke narkar da jan ƙarfen da duniya ke amfani da shi. Akwai gidan tarihin Swansea na 1841, mafi tsufa a Wales, da zauren zane na Glynn Vivian. Duk kyauta ne. Akwai kasuwar Swansea, wadda ita ce kasuwa mai rufi mafi girma a Wales, inda ake sayar da ƙananan ƙumban teku na Penclawdd da wata baƙar ciyawar teku da ake dafawa har ta yi laushi. A karin kumallo sukan haɗa su da naman alade, don haka a ce a ba da su su kaɗai. Waɗannan duka za su cika yini ɗaya, a yini na biyu na ruwa mutum zai fara duba agogo.

Ta fuskar addini babu damuwa. Babban masallacin Swansea yana titin St Helen's, a cikin wani tsohon ginin coci mai hasumiya biyu, kuma titin cike yake da shagunan nama da gidajen abincin halal. Ɗakin kwana galibi ya fi na Cardiff sauƙi. Amma abin da aka rage a otal yana iya tafiya a sufuri, domin bas zuwa Gower ba ya yawa da sanyi, balle ranar Lahadi, kuma wanda na ƙarshe ya wuce shi sai tasi.

Haɗarin Swansea na teku ne, kuma ina roƙon kada a raina shi. Bambancin cikowa da janyewar ruwa a wannan mashigi yana cikin mafiya girma a duniya. A Rhossili akwai wani tsibiri mai suna Worm's Head da ake tsallakawa da ƙafa a kan duwatsu, amma hanyar tana buɗe ne kawai kimanin awa biyu da rabi kafin ruwa ya gama janyewa da awa biyu da rabi bayansa. Mutane suna maƙalewa a can, wasu sun rasa rayukansu wajen ƙoƙarin iyo su dawo. Akwai allo a bakin hanya da ke nuna lokaci. A karanta shi, a kuma yi aiki da shi.

Bangor

Bangor ƙarama ce ƙwarai, mutanenta ba su kai 20,000 ba, kuma ɗaliban jami'arta ta 1884 su ne ke raya ta. Daga tashar Euston ta Landan awa uku ne da 'yan mintuna, ga mazauna Manchester da Liverpool kuwa ta fi Cardiff kusa. Kada a yi tunanin haɗa ta da kudu a gajeriyar tafiya: jirgi daga Cardiff zuwa Bangor yana cin sama da awa huɗu, sai ya ratsa ta cikin Ingila.

Birnin kansa rabin yini ya isa a gama shi: babban cocin da tarihinsa ya koma ƙarni na shida, gadar Garth ta 1896 da ta miƙa cikin ruwa, da ɗan gidan tarihi na Storiel. Darajar Bangor tana cikin abin da ke kewaye da ita. Fadar Caernarfon, wadda Sarki Edward na Ɗaya ya fara ginawa a 1283, mil tara ce a bas. Ta Conwy minti ashirin a jirgi. Ta Beaumaris tana tsallaken ruwa a tsibirin Anglesey, ta kan gadar Menai da Thomas Telford ya gama a 1826. UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1986 tare da ta Harlech. A bayan gari kuma duwatsun Eryri ne, da ƙololuwar Yr Wyddfa, wadda Turawan Ingila ke kira Snowdon, mai tsayin mita 1,085, sau da yawa fari fat da dusar ƙanƙara a wannan lokaci. Nan ne kuma harshen Wales yake da rai sosai: a gundumar Gwynedd kusan mutum biyu cikin uku suna jin sa, kuma a Caernarfon da shi za ka ji ana ciniki a shago da hira a bas.

A ma'aunin jure ruwan sama Bangor ce ta ƙarshe. Fadojin nan yawancinsu babu rufi, matakalansu na dutse masu santsi ne, kuma idan iska ta yi ƙarfi ana rufe hasumiyoyi. Kowace ana biyan kuɗin shiga. Jirgin da ke hawa Yr Wyddfa ba ya aiki da sanyi, fadar Penrhyn da wasu wuraren shaƙatawa suna rage kwanakin buɗewa. Hawan dutsen da ƙafa a Fabrairu aikin masu ƙwarewa ne da kayan ƙanƙara. Wanda bai taɓa yi ba ya tsaya a Llanberis, ya zagaya tafkin Padarn, ya kalli dutsen daga ƙasa, ya koma gida lafiya. Akwai cibiyar Musulunci a babban titin Bangor da 'yan wuraren abincin halal, amma da an fita ƙauyuka sai kifi da ganye, ko guzurin da aka riƙo.

| Ma'auni | Cardiff | Swansea | Bangor |
|---|---|---|---|
| Jirgi daga Landan | ƙasa da awa 2 | kusan awa 3 | awa 3 da ɗoriya |
| Idan ruwa ya yini | abin yi da yawa | ya isa yini ɗaya | kaɗan ƙwarai |
| Kuɗin kwana | mafi tsada, ya ninka ranar wasa | matsakaici | sauƙi, zaɓi kaɗan |
| Wuraren kyauta | da yawa | da yawa | kaɗan, fadoji na kuɗi ne |
| Yawo ba mota | mai sauƙi | gari da sauƙi, Gower da wuya | sai an bi jadawalin bas |
| Masallaci da halal | wadatacce | wadatacce | akwai, a taƙaice |
| Babban haɗari | cunkoson ranar wasa | cikowar teku | dutse da iska |

Abin da ya shafe su duka

Guguwa ba ta zaɓen birni. A Fabrairun 2020 guguwar Dennis ta jawo ambaliya a kwarurrukan kudu, har garin Pontypridd ya cika da ruwa. Ranar 18 ga Fabrairun 2022 guguwar Eunice ta sa an soke dukkan jiragen ƙasa a Wales. Don haka ɗakin da za a iya sokewa ba tare da asara ba ya fi wanda ya fi shi araha da fam kaɗan, kuma a riƙa duba gargaɗin hukumar yanayi ta Met Office, mai launin rawaya da ruwan goro da ja. Tikitin jirgi da aka saya tun da wuri ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, ɗalibi mai katin rangwame kuma ana cire masa kashi ɗaya cikin uku. Makarantu suna hutun mako ɗaya a Fabrairu, a makon gidajen tarihi suna cika da yara. Mai tuƙi ya sani cewa tun Satumbar 2023 gudun da doka ta yarda da shi a yawancin titunan cikin gari a Wales mil 20 ne a awa. Rigar ruwa mai hula da takalmin da ruwa ba ya shiga sun fi kowace lema amfani.

Idan da hali a sa ranar 1 ga Maris cikin tafiyar. Ita ce ranar Waliyyi David, ranar ƙasa ta Wales. Ba hutun aiki ba ce, amma za ka ga furen dafodil rawaya a ƙirjin mutane, 'yan makaranta cikin kayan gargajiya, ana dafa romon naman rago da wata albasa mai dogon ganye. Hukumar Cadw mai kula da fadoji ta sha buɗe wurarenta kyauta a ranar.

Wa ya dace da ina

Mai zuwa karon farko, mai iyali, mai kwana biyu kacal, mai azumi da ke son buɗa-baki da tarawi cikin jama'a, da wanda ba shi da mota, duk Cardiff ce tasu, muddin an kauce wa ranar wasa. Ita kaɗai ce ruwan sama ba zai lalata wa mutum kuɗinsa ba.

Wanda hayaniyar Landan ko Birmingham ta gajiyar da shi, yana son iska da fili da tafiyar ƙafa, kuma yana da kwana uku ko huɗu da zai iya jiran rana ta fito, ya nufi Swansea, ya fi kyau da mota. Wanda yake son teku amma yana tsoron caca da yanayi, ya kwana a Cardiff, ranar da hasashe ya yi kyau ya kama jirgin safe zuwa Swansea ya dawo da dare. Wannan shi ne tsarin da na fi ba mutane shawara a kai.

Bangor ta mazauna arewacin Ingila ce, da masu son tarihi da fadoji, da masu son jin harshen Wales a bakin masu shi, waɗanda jiƙewa ba ta dame su ba. Wanda burinsa hawa Yr Wyddfa ne ya ɗaga tafiyar zuwa Mayu ko Yuni. Haka ma mai sha'awar St Davids, birni mafi ƙanƙanta a Birtaniya mai mutane ƙasa da 2,000: babu tashar jirgi a can, sai an sauka a Haverfordwest a hau bas, kuma yawancin abin da ake zuwa dominsa, kamar jiragen ruwa zuwa tsibirai, sai an shiga Afrilu suke fara aiki sosai.